Farin Yadin Dada

Da ƙarar rariya abin ya fara. Duk wadda ta tashi a gidan da ake tankaɗe ta san wannan ƙara, tafin hannu yana bugun bakin katako, ɓas, ɓas, ɓas, gari yana sauka cikin ƙwarya a hankali. Ranar na dawo daga makaranta, ko kayan makarantar ban cire ba, na zauna a bakin ɗakin Dada, kakata ta wajen uba, ita kuma tana tankaɗen garin masara a tsakar gidanmu na Gwallaga. Can sai ta ɗaga rariyar sama tana duba ko ta huje, hasken la'asar ya ratso ta ƙananan idanun ragar ya sauka a fuskarta. Nan take zuciyata ta ce, ai wannan shi ne allon buga zane da Malama take hana mu taɓawa. Na ce, "Dada, in ta tsufa ki ba ni." Ta dube ni ta ƙasan rariyar ta ce, "'Yar boko, tuwo ma ba ki iya tuƙawa ba, me za ki tankaɗe?"

Yanzu ina zaune a Gwallameji a gidan ɗana, kuma na fi shekara ban ji wannan ƙara ba. Gari a leda yake zuwa, rariyar da ke rataye a kicin ta roba ce, ko an buga ta ba ta amsawa. Barguna kuwa daga kasuwa ake kawo su cikin jaka mai zif, masu laushi ne ƙwarai, amma babu wanda za ka duba ka ce ga rigar wane a ciki. Kwanan baya jikata ta zo tana murna, wai ta zana fure a wayarta, ta tura wa wani mai shago, washegari ɗan keke ya kawo mata yadi da furen a jiki. Ta shimfiɗa a gabana ta ce, "Hajiya, ku a zamaninku ai babu irin wannan." Na shafa yadin na ce Allah Ya yi albarka. Ban gaya mata cewa hannun nan da take gani ya taɓa buga zane a yadi ba, domin in na fara ba ta labarin sai na kai ƙarshensa, ƙarshen kuwa ba na son yarinya ta ji shi daga bakina ina kallon idonta.

A ajinmu na sakandare akwai darasin aikin hannu, a nan Malama ta koya mana buga zane. Abin ba wuya a ido. Za a sami katako mai kusurwa huɗu a ɗame masa yadi shara-shara kamar fatar ganga. Sai a yanke siffar da ake so a jikin takarda mai ƙarfi, a manna ta a ƙarƙashin ragar, a ɗora a kan farin yadi, a zuba fenti a gefe guda, a ja shi da faffaɗar roba sau ɗaya tak. In aka ɗaga, sai ka ga siffar ta kwanta a yadin tsaf, kamar da ita aka saƙa shi. Ranar da na fara gani sai da na yi salati. Allon guda biyu ne a makarantar duka, mu kuwa ajin cike, saboda haka sai ki wuni ba ki taɓa ba. Malama ta ce a ƙarshen shekara za a baje kayan da muka yi, iyaye da manyan gari su zo su gani, kowace ta zaɓi abin da za ta yi. Wasu suka ce rigar matashi, wasu suka ce mayafin tebur. Ni na ɗaga hannu na ce bargo zan yi, kowane gida na bargon da zanensa. Na faɗi haka ne don na san wadda za ta ɗinka mini tana gida.

Dada a ruga aka haife ta, can wajen Gubi tun ba a gina madatsar ruwan ba, sai da shanu suka ƙare aka dawo da ita cikin gari. Ba ta taɓa sabawa da zaman banza ba. Tana da wani tsohon kwando da take tara guntayen yadi, ragowar tela, hannun rigar da ta mutu, bakin zanen da wuta ta lasa. In damina ta wuce sai ta baje su a tabarma, ta yanka su gida-gida daidai tafin hannunta, ta haɗa su, ta shimfiɗa tsofaffin zannuwa biyu a ƙasa, ta bi duka da ɗinkin hannu layi-layi har ya zama bargo mai nauyi. Sanyin Bauchi ba ya wasa, amma duk wanda ya shiga bargon Dada sai an tashe shi sallar asuba da faɗa. Tana ɗinki tana ba da tarihin kowane ƙyalle. Wannan rigar sunan wane ce, wancan zanen da shi aka kai wance asibiti. Takan ce ita ba ta yarda da yadin da bai taɓa jin zufar mutum ba. Autarmu, wadda a lokacin ba ta wuce shekara biyar ba kuma a ɗakin Dada take kwana, ta haddace tarihin nan kaf, har takan gyara mata in ta yi kuskure.

Dole in faɗi wani abu game da Baba, don a gane abin da ya biyo baya. Mutumin kirki ne, amma mai zafi, kuma bai so na wuce firamare ba. Dada ce ta tsaya. Ba ta kiran sunansa, kasancewarsa ɗan fari, ko kallonsa sosai ba ta yi, sai dai ta yi magana da bango. Ranar ta fuskanci bango ta ce, "A gaya wa mai gidan nan yarinyar nan za ta yi karatu." Baba ya sunkuyar da kai ya ce to, amma ya ƙara da cewa ranar da boko ya sa na yi abin kunya a gidan nan, ranar na gama. Kowa ya ji, kuma kowa ya san ba ya magana biyu.

Dada ta ba ni tsohuwar rariya. Na cire ragar na ɗame bakinta da wani ɗankwalin Inna, mahaifiyata, mai shara-shara. Na samo tsohuwar takardar hoton ƙirji da aka taɓa yi wa Baba a asibiti, na zauna da reza na yanke zanen da ke bayan ƙwaryar nonon Dada, wasu ƙananan duwatsu masu tsini a jere da tsuntsu a tsakaninsu. Robar da ake jan fentin da ita kuwa daga tsohon silifa na yanko. Malama ta sam mini shuɗin fenti a kwalbar magani. Abu ɗaya ya rage, farin yadi. Inna, da yake tana tuyar fanke ta sayarwa, ta ce ga buhunan fulawa nan, in wanke in yi da su. Na wanke, na jiƙa da toka, na sake wankewa, amma jan rubutun kamfanin bai fita ba, kuma saƙar buhun ta yi gwari, fentin sai ya bazu, tsuntsun ya koma kamar kwaɗo. Da na kai makaranta wata 'yar ajinmu, wadda babanta ke aiki a ofis, ta ɗaga ƙyallen sama ta ce, "Jama'a, ku zo ku ga bargon burodi." Aka yi dariya, ni ma na yi, amma a hanyar gida ban ga gabana ba don hawaye.

A ƙasan adakar Dada akwai wani ƙunshi da aka naɗe da tsohon zanen saƙi. Ba zan yi wa kaina ƙarya in ce ban san ko mene ne ba. Babu yaron gidanmu da bai sani ba. Likkafaninta ne. Ƙanenta ne ya tafi aikin Hajji da yadin, ya tsoma shi a ruwan zamzam, ya shanya a can, ya dawo mata da shi, bai daɗe da dawowa ba ya rasu. Ita ba ta sami zuwa ba, kuma ta san ba za ta je ba. Duk shekara in ruwa ya ɗauke takan fito da shi ta shanya a igiya ya sha iska, ta turara shi, ta mayar. Tana kiransa kayan tafiyata. Na sha jin malamai suna cewa aiki ne ke bin mutum kabari ba yadi ba, kuma gaskiya suka faɗa. Amma tsohuwar nan ba ta da saniya, ba ta da gona, ba ta da ko ɗan kunnen zinariya. Abin da ta mallaka ta kuma sa rai a kansa a duniya, shi ke nan.

Wata Asabar da hantsi ta tafi barkar haihuwa da Inna da Auta. Makullin adakar yana ƙarƙashin matashinta. Na ce wa kaina yadin yana da yawa, Dada kuwa 'yar ƙarama ce, kamu ɗaya daga baki ba zai rage komai ba. Da almakashin ya shiga, ƙanshin turaren ya taso mini, amma ban tsaya ba. Na kai bayan ɗaki na ɗora rariyar na ja fentin. Da na ɗaga, wallahi ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba. Yadin ya sha shuɗin nan lumui, kowane tsini ya fito, har ƙafar tsuntsun ana gani. Kyan nan shi ya ƙarasa ni. Na koma na ƙara kamu biyu. Wasu gidajen suka ɓaci don na cika fenti, na koma na ƙara. Kafin azahar abin da ya rage ko jariri ba zai rufe ba. Sai na ɗauke shi duka, na ninke buhunan fulawar nan da suka ƙi wankuwa, na naɗe su a cikin zanen saƙin yadda ƙunshin zai yi tudu kamar da, na mayar ƙasan adaka, na kulle. Har alwala na yi na yi sallah bayan haka. Wannan sallar tana cikin abubuwan da nake roƙon Allah Ya yafe mini.

Da suka dawo na ce Malama ce ta raba mana yadi. Inna ta ce Allah Ya saka mata. Na kai wa Dada gidajen a tire, guda-guda, sun bushe. Ta ɗauki ɗaya ta kai kusa da idonta, ta yi murmushi ta ce, "Ƙwaryata ce wannan." Sannan ta murza bakin yadin tsakanin yatsunta. Ta kai hanci. Na ga lokacin da murmushin ya tsaya. Ba ta dubi adakar ba, ba ta dube ni ba, tsuntsun take kallo.

Can ta ce, "Malamar taku ta san yadi."

Na ce, "E, Dada."

Ta ce, "Wannan ya sha ruwa mai kyau." Ta ajiye shi a cinyarta ta lallashe shi da tafin hannu. "To, zura mini allura. Idona ba ya ganin kafar."

Sati uku muka yi muna ɗinkin nan, kullum bayan la'asar. Ita ta tsara shi, gida ɗaya nawa mai tsuntsu, gida ɗaya nata daga kwando, har ta sa wani ƙyalle na rigar ƙanen nata a tsakiya. Gwiwata tana gogar tata. Ba ta fasa yi mini tsiya ba, takan ce ɗinkina kamar sawun kaza, in an yi mini aure sai dai miji ya riƙa yawo da allura a aljihu. Amma ta daina ba da tarihin ƙyalle. Sau nawa na buɗe baki in ce Dada ki yafe mini, sai in tuna maganar Baba, in tuna ajinmu da allo da littattafaina, sai in ce bari a gama bajekolin tukuna. Rannan har na kai ga cewa, "Dada." Ta ce, "Na'am," ta tsayar da allurar, ta jira. Ta jira sosai. Na ce, "Zaren ya kusa ƙarewa." Ta ce, "Na gani," ta ci gaba.

Bargon ya zo na ɗaya. Aka rataye shi a gaban zauren makaranta, matan manya suna shafawa suna tambayar 'yar gidan waye. Baba da kansa ya zo, a hanya har ya saya mini tsire, abin da bai taɓa yi ba. Aka dawo da bargon aka shimfiɗa a gadona. Na ce to yanzu zan faɗa. Sai jarrabawa ta zo, na ce bayan jarrabawa. Sai azumi ya zo, na ce ba na son ɓata wa mutane Sallah. Yaran yanzu ina jin su, in sun yi laifi sai su ce a yi haƙuri tun kafin a gama faɗa, wani lokaci har sauƙin abin yakan ba ni haushi. Amma na kan ce a raina, gara nasu. Mu an koya mana kunya sosai, sai dai ni tawa kunyar ban yi ta a inda ya kamata ba. Ban ji kunyar buɗe adakar ba, kunyar buɗe baki na ji.

Da ruwa ya ɗauke a shekarar, Dada ba ta shanya komai a igiya ba. Inna ta tuna mata, ta ce, "Dada, bana ba za a fito da kayan ba?" Ta ce, "Suna nan lafiya, a bar su." Da ta ce wa Baba tana son sabon yadi, kafin magariba zai kawo, amma zai tambayi ina na da, ita kuwa ba ta iya ƙarya. Saboda haka ta yi shiru, ta zauna da buhunan fulawa a ƙasan adakarta. Na san ta sani, ta san na san ta sani, muna ci a kwano ɗaya.

Ciwon nata bai yi tsawo ba. Da ta kwanta sai ta miƙa wa Inna makullin, Inna ta ɗaura a bakin zanenta, ita ke jinya. Ranar wata Juma'a da hantsi Allah Ya karɓi abinSa. Gida ya cika. Maza suka tafi haƙa kabari, aka ce ana so a yi mata sallah da an sauko daga masallaci. Goggo, ƙanwar Baba, ta iso daga gidanta ido jajir, aka ɗora ruwan wanka, ta ce wa Inna, "Kawo makullin a fito da kayanta. Alhamdulillahi, ita dai ta gama shirinta tuntuni."

Ina tsaye a bakin ƙofa. Ƙafata ta ƙi shiga, ta ƙi fita. Goggo ta ɗauko ƙunshin ta rungume shi a ƙirji ta yi kuka kaɗan, sannan ta ɗora a tabarma a gaban matan unguwa ta warware zanen saƙin. Buhunan suka baje, jan rubutun yana sama.

Wata tsohuwa ta ce, "Innalillahi." Goggo ta ɗaga buhu ɗaya, ta sake shi, ta zazzage adakar duka a ƙasa, ta laluba ƙarƙashin gado. Sannan ta miƙe a hankali ta dubi bakin zanen Inna inda makullin ya kwana bakwai.

Ta ce, "Yaya, makullin nan a hannun wa yake?"

Inna ta ce, "A hannuna. Amma wallahi ban buɗe ba."

Goggo ta ce, "Ni ban ce kin buɗe ba. Tambaya na yi. Buhun fulawa dai na san ba daga Makka ya zo ba, kuma na san mai tuya a gidan nan."

Inna ta sunkuyar da kai, hawaye yana ɗiga a kan hannunta, matan suna kallon juna ta gefen ido. Aka leƙa zaure aka gaya wa Baba, na ji muryarsa yana cewa a ruga kasuwa kafin a rufe shaguna a tafi Juma'a, a yanko kowane iri aka samu. Uwata tana tsaye ana yi mata kallon ɓarauniyar likkafani, gawar Dada tana kwance a bayan labule, bargon yana ɗaki na gaba a kan gadona, ni kuma bakina a rufe. Ina da shekara goma sha bakwai, na san daidai, na san abin da Allah Ya ce game da wanda ya ɓoye shaida. Duk da haka lissafin da nake yi a lokacin shi ne saura wata nawa in gama makaranta.

Sai na ji an ja bakin mayafina. Auta ce. Tun safe ba wanda ya kula da ita, tana riƙe da ɗankwalin Dada a hannu. Ta ɗago kai ta dube ni da mamaki, ta yi magana da muryarta ta kullum, wadda duk ɗakin ya ji.

"Yaya, ki gaya musu mana su daina nema. Ba shi ne a bargonki ba? Ai Dada ta ce mini ita ta ba ki."